Yadda Yayanmu Ya Cire Uwayensa daga Guruf

Yayanmu ne ya kawo wayoyin. Ya zo hutun babbar Sallah daga birnin da yake aiki, ya buɗe bayan mota ya fito da kwali biyu iri ɗaya, ɗaya na Inna, ɗaya na ƙanwarta da muke kira Yafendo. Ya tsaya tsakar gida ya yi mana jawabi kamar ɗan siyasar da ya zo buɗe famfo. Ya ce daga yau nisa ya ƙare, zumunci ya dawo tafin hannu. Bayan wannan jawabi Sallah ta zagayo, ta sake zagayowa, ba mu ga ƙeyarsa a Bodinga ba. A ganinsa ya riga ya bar wakili.

Inna da Yafendo su kaɗai suka rage a ɗakinsu. Inna tana Bodinga, Yafendo kuwa aure ya kai ta Horo Birni, can ƙasar Shagari, gidan noma da shanu. Tun ina ƙarama na san ana gama girbi za mu ga Yafendo ta sauka da ƙwaryar man shanu da ƙullin daddawa, ta shige ɗakin Inna, su yi kwanaki suna ƙus-ƙus da dariya. Ban taɓa jin sun yi sa-in-sa ba. Sai daga baya na gane rabin wannan zaman lafiya hanya ce ta ba su shi. Kafin magana mai zafi ta taso daga Horo Birni a bakin ɗan aike ta iso Bodinga, ta riga ta huce, wani lokacin ma ɗan aiken ya manta da ita a tasha.

Shi Yaya ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya gaishe ta bango take amsa wa. Yafendo ce ta goya shi tun tana budurwa, ita ta ɗauke shi yaye, ita yake kai wa kuka. Uwa biyu gare shi ke nan, kuma kowacce ya ba ta waya.

Ni nake kusa. Ina koyarwa a firamare, gidan aurena kuma layi biyu ne tsakaninsa da gidanmu, saboda haka koya wa Inna waya ya faɗo kaina. Ba ta karanta boko, amma ba ta sha wuya ba. Na nuna mata inda za ta danne da yatsa ta yi magana, ta saki. Sai ta riƙe wayar a gaban baki da hannu biyu, ta yi sallama, ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa da dabbobi da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta yi shiru tana jiran amsa. In ta tuna ba mai amsawa sai ta ce wa kanta, "To, madalla," sannan ta shiga maganar da ta kawo ta.

Yaya ya buɗe guruf na dangi, ya naɗa kansa shugaba ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya zuba mu duka: mutanen Danchadi masu albasa, mutanen Lambara, da waɗanda suka watse birane. Farkon abin da daɗi. Haihuwa kan iso mu kafin a yanke cibi. Daga baya kuma muka ga ta'aziyyar da a da ake ɗaukar ƙafa a je a zauna a tabarma ta koma hoton hannu biyu a ɗage. Yaya ya fi kowa saurin ɗaga hannun nan. Ba a taɓa rasuwa a danginmu ya makara ba.

A wannan lokacin Inna ta riga ta shiga makarantar matan aure. Bayan rasuwar mahaifinmu ta ce ba za ta zauna tana ƙirga azara ba, ta sayi tabarau a kasuwa, ta ɗinka jaka, kullum bayan azahar ta tafi gidan wata dattijuwar malama a unguwarmu. Karatun nata na tafiya kamar jaki da kayan taki. Sura ɗaya kan ɗauke ta makonni, tana bi da yatsa, tana komawa baya, tana jin haushin kanta. Amma ba ta fashi, kuma abin da ta riƙe ta riƙe shi.

Yafendo ba ta da irin wannan makaranta kusa, shanu ma ba za su bar ta ba. Amma tana da waya. Matsalar ɗaya ce: a gidanta sabis ba ya sauka ƙasa. Sai ta kife turmi a bayan rumbu, ta hau, ta ɗaga hannu sama. Wannan matar da ta sha zane mu da tsumagiya don mun zauna kan turmi, ita ce yanzu take tsaye a kansa safe da yamma. In ta kwaso abin da za ta kwaso sai ta sauko ta saurara tana tatsa, tana dama fura. Kafin damina ta zagayo Yafendo ta zama malama, ta zama likita, ta kuma san abin da manyan ƙasashe ke ƙullawa a asirce.

Ba ta da rowar ilimi. Ta tura wa mutanen Danchadi bidiyon wani saurayi mai kwat yana bayanin amfanin albasa, ta ce su saurara da kyau. Mutanen da warin albasa ya bi jikinsu tun kakanni suka yi mata godiya. Wata rana ta sanar da mu cewa an gano nonon shanu yana ƙara ƙarfin ƙashi. Inna ta ji, ta kalle ni ta ce da can me take tsammani yana ƙarawa, tun tana tatsa da haƙoran nono a bakinta. Amma a ɗaki ta faɗa, ba a waya ba. Tsakaninsu lafiya lau, kullum sai sun aika wa juna murya, wani lokacin ba komai a ciki sai labarin kazar da ta ƙi kwanci.

Abin ya ɓaci ne a tsakiyar damina. Malamar su Inna ta ce ranar da ruwa ya hana fita, kowacce ta ɗauki karatunta a waya ta aika mata. Inna ta zauna ta karanto wata sura da ta daɗe tana kokawa da ita, ta karanta ta tsaf. Wajen aikawa yatsa ya zame, karatu ya faɗa guruf na dangi.

Kafin in zo in goge, yabo ya fara zuba. Masu cewa ma sha Allahu, masu cewa gemu ba ya hana ilimi, har wani ɗan ƙaninmu ya ce ya yi hawaye, shi da na san bai saurara har ƙarshe ba. Inna tana cewa in cire mata wannan abin kunya, amma ta riƙe wayar gam, tana sa ni in faɗa mata wa da wa suka yi magana. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske haka ba tun bayan takaba.

Sai ga saƙon Yafendo, dogo, ana jin kukan maraƙi a bayansa. Bayan gaisuwa ta ce:

"Adda, na ji karatunki, Allah shi ƙara basira. Amma gaskiya guda ta, in ban hwaɗa maki ba ina da alhaki. Maddarki ba ta cika ba. Kuma ba ki ƙalƙala inda aka ƙalƙalawa. Malaminmu ya yi bayanin wanga abu dut, bari in turo maki shi, ki riƙa saurare kina gyarawa."

Malamin nasu wani matashi ne a cikin waya, wanda bai san akwai wani gari Horo Birni a duniya ba. Ta turo shi kuwa, a gaban dangi kaf, har da jikoki da surukai.

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta tura wayar ƙarƙashin matashi, ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin da aka riga aka share. Can ta tambaye ni mene ne ƙalƙala. Na ce ta tambayi Malama. Ta jingine tsintsiyar ta ce, "Ni nik koya mata alwala."

Babba ba ya cacar baki da ƙanensa a bainar jama'a, don haka Inna ba ta amsa a guruf ba. Ranar Juma'a ta ce in nuna mata yadda ake ɗora murya a sitatus, wurin nan da kowa ke leƙawa ya ga abin da mutum ya baje. Na ɗauka barka da Juma'a za ta yi. Ta gyara murya ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau turmi ba ya hango shi. Kowa ya san rimi ake cewa. Kowa kuma ya san wa ke hawa turmi.

Kafin la'asar Yafendo ta ɗora nata: rashin sani ya fi dare duhu.

Daga nan aka buɗe fage. Habaicin da a da mata suke yi a bakin rijiya ko cikin waƙar daka, inda iska za ta kwashe shi kafin yamma, yanzu ya sami wurin zama na yini da kwana, kuma har ana nuna maka wanda ya gani. Da Inna ta gaji da karin magana sai ta koma hoto. Ta fita tsakar gida ta ɗauki akuyarmu tana leƙen tukunya, ta ɗora, ba ko kalma. Duk dangi suka karanta: karambanin akuya, gai da kura. Yafendo ta samo hoton hawainiya a kan reshe, ƙafa ɗaya a sama, ta ɗora, don a tuna shekarun da Inna ta yi ba ta fita daga gajerun surori ba. Mutanen da ba sa iya karanta takardar asibiti suka zama gwanayen fassarar hoton akuya. A makarantarmu wata malama da ke auren ɗan'uwanmu takan tare ni tun a bakin ƙofa ta tambaye ni me Inna take nufi da murfin kwanon da ta ɗora jiya. Murfin nan kuskure ne, wayar ce ta ɗauka da kanta. Amma kafin in bayyana, Yafendo ta riga ta mayar da martani da tsohon takalmi.

Muryar safe da suke aika wa juna ta tsaya cak. Amma duk abin da Inna ta ɗora, sunan da ke fara bayyana cikin masu kallo na Yafendo ne. Inna ta haddace siffar sunan ko da yake ba ta iya karanta shi. Duk da haka sai ta miƙo mini wayar ta ce, "Ta gani?" In na ce ta gani, sai ta ce to.

Abin dariya ne, na kuma yi dariyar. Amma akwai inda bai ba ni dariya ba. Malamar su Inna ta tare ni a hanya ta ce me ya sami Inna, ta daina ɗaga murya a aji, in an zo kanta sai ta ce maƙogwaronta. Na ba ta labari. Ta ce ƙalƙala gaskiya ce, ƙa'idar tajwidi ce, tana nan gaba, za su iso ta, amma mai koyon tatata ba a tambayarsa gudu. Ta ce yaron wayar bai faɗi ƙarya ba, illa dai shi ba ya jin ɗalibinsa. Sai da ta yi makonni tana lallashi kafin Inna ta koma karatu a bayyane.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, Yafendo ba ta zo ba. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba. Inna ta sayi turmin atamfa tun kafin rigimar ta ajiye mata, yana nan a ƙasan akwati. Duk sanda kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida sai ta sami dalilin leƙa zaure. A ranar kuma za ta dawo ta ɗora hoton kaza.

Rigimar ta koma cikin guruf ne ta dalilin wata haihuwa a Lambara. Yafendo ta yi wa jariri addu'a Allah ya sa ya zama mai karɓar gyara. Inna ta bi da tata, Allah ya sa ya san na gaba da shi. Aka rabu biyu wajen cewa amin. Wasu suka ce amin a ƙarƙashin ta Inna, wasu a ƙarƙashin ta Yafendo, masu wayo suka ce amin sau biyu. Uban jariri ya kira ni yana tambaya ko ɗansa ya yi wa wani laifi.

Duk wannan lokacin Yaya yana can yana aikin sulhu irin nasa. Kullum sai ya turo wa'azi a kan zumunci, wanda ya san tsawonsa ba zai bari a saurara ba. Bai kira ɗaya daga cikinsu ba, balle ya zo. Ranar da aka yi rabon amin sai haƙurinsa ya ƙare. Ya rubuto dogon bayani da boko, rabi Hausa rabi Turanci, cewa a matsayinsa na shugaba ya ɗauki matakin dakatar da mutum biyu na ɗan lokaci domin maslahar kowa. Mutum biyun da ake magana a kansu ba mai iya karanta ko layi ɗaya. Sannan ya cire su.

Da yamma na tarar da Inna tana ta latsa waya. Ta ce muryarta ta ƙi shiga, ko data ce ta ƙare. Na duba, na rasa ta inda zan fara. Na ce an cire ta. Ta ce cirewa kamar yaya. Na ce kamar a ce mutum ya tashi daga tabarma. Ta tambayi wa ya yi. Na ce Yaya.

Ta ajiye wayar. Sannan ta ce, "Ita hwa?"

Na ce ita ma.

Ta ce gobe Asabar, ba ni da makaranta, in shirya da wuri.

Da safe na same ta da hijabin unguwa, atamfar nan a cikin leda. Muka shiga mota zuwa Shagari, daga can muka hau kabu-kabu. Inna da ke cewa gwiwa ba ta barin ta zuwa kasuwar Bodinga, ita ce ta zauna daram a bayan babur cikin rairayi da kwazazzabai, ba ta ko yi tsaki ba. Da muka shiga gidan Yafendo muka tarar da ita tsakar gida da mayafi, ƙwaryar man shanu a ɗaure cikin tsumma, tana jiran yaron da zai kai ta bakin hanya. Bodinga za ta.

Suka kalli juna. Yafendo ta durƙusa har ƙasa ta yi gaisuwa, Inna ta amsa, aka bi kwana da gajiya da hanya da dabbobi, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ba wadda ta ambaci akuya ko hawainiya. Da aka kawo ruwa Yafendo ta ce:

"Adda, kin ga abin da ɗanki yay yi muna?"

Inna ta ce, "Ɗanki dai. Ni haihuwa kawai niy yi. Ke kir rene shi."

Yafendo ta ce ita da bayanta ta goya shi har ya yi kanta, ta tauna ta ba shi, ta kwana tsaye ranar da ya yi ƙyanda, yau shi ne zai sallame ta da ɗan yatsa kamar mai korar ƙuda. Inna ta ce ko hakimi in zai tuɓe mai unguwa sai ya kira shi ya faɗa masa a gabansa. Suka shige ɗaki. Ni aka bar ni waje da ƙwaryar fura. Ba a jima ba na fara jin ƙus-ƙus ɗin nan da na sani tun ƙuruciya, sai dai wannan karon na san da wa ake.

Na koma Bodinga ni kaɗai saboda aiki. Inna ta zauna.

Hukuncin da suka yanke mai sauƙi ne: ba mai ɗaukar wayarsa. Ya kira Yafendo, ta bar ta tana ruri a kan rumbu. Ya kira Inna, ta kife tata a gefen ta Yafendo. Ya kira ni yana tambaya ko lafiya, na ce lafiya lau, har sun shirya. Ya ce to ai ka ga amfanin matakin da ya ɗauka. Ya mayar da su guruf a take, har da rubuta barka da dawowa.

Abin da bai sani ba, kafin in baro Horo Birni sun sa na nuna musu inda ake dannawa in mutum zai fita da ƙafarsa. Yana mayar da su suka fita, ɗaya bayan ɗaya, Inna a gaba saboda girma. Ya sake sa su, suka sake fita. Dangi na kallo, har masu turo wa'azin safe suka dakata. Wani kawunmu na Danchadi, wanda bai taɓa magana a guruf ba har muna zaton bai iya ba, ya aiko da murya gajera. Ya ce yaro, wannan ba aikin yatsa ba ne, ka sa takalmi.

Yaya ya zo ƙarshen mako. Ya biyo ta Bodinga ya ɗauke ni don in yi masa rakiya, ko in ce garkuwa. A hanya yana ta bayyana mini cewa a tsarin shugabanci abin da ya yi daidai ne, matsalar mutanenmu ba su fahimci yadda ake tafiyar da irin waɗannan abubuwa ba. Motarsa ta kafe a rairayi kafin mu isa, muka ƙarasa da ƙafa, farar shaddarsa ta yi ja har gwiwa.

Suna zaune a inuwar ɗaki. Inna na ganinsa ta juya ta fuskanci bango, kamar yadda ta saba. Ya cire takalmi ya tsuguna. Ba a ba shi tabarma ba. Yafendo ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, sannan ta buɗe taskar da ta tara a kan turmi. Duk wani wa'azi da ta taɓa ji a kan haƙƙin iyaye, na malaminta da na wasu, ta zazzage masa shi, ta haɗa da nata. Ta bi ta kan nauyin ciki, da zafin naƙuda, da goyo, ta ratsa ta kan abin da likitoci suka gano game da hawan jinin tsofaffi, ta dawo. Kaji na kiwo a gefensa. Yana sauya ƙafa, gumi na bin wuyansa, wayarsa na aljihu ba halin taɓawa. Shi da ya saba tura wa mutane wa'azi ya wuce abinsa, yau ga shi a gaban wanda ba a iya tsallakewa zuwa ƙarshe.

Da ta gama ya ce ya tuba, a yafe masa. Yafendo ta dubi Inna. Inna ta yi magana da bango, ta ce:

"A hwaɗa mashi ya rame. A ba shi hura."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ta yi a kansa yana wurin. Na ga ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Ya kwana biyu a Horo Birni, dole, don ba a sami masu turo motar da wuri ba, kuma ba wanda ya yi gaggawar nemo su.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ya sauka daga mulki. Aka tambayi Inna ko za ta karɓa, ta ce ita karatu ne a gabanta. Haka shugabancin guruf ya faɗa hannun Yafendo, muka yi ta murna kamar mutanen da ba su san tarihi ba.

Mulkin Yaya na sakaci ne, na Yafendo kuwa na aiki. Ta kafa doka duk wanda ta yi sallama da safe bai amsa da murya ba, ta san abin da ake ciki. Hoton hannu a ɗage ta haramta shi, wanda ya ji rasuwa ya zo ko ya kira, wannan kam na yaba mata. Amma ta cire wani ɗan Lambara saboda ya yi dariya a inda ba ta ga abin dariya ba. Ta cire amaryar ƙaninmu don ta gaishe ta da rubutu. Duk wanda aka cire ya san hanya: mota zuwa Shagari, kabu-kabu zuwa Horo Birni, ɗan sukari ko goro a hannu. Gidan da a da sai shekara ta zagayo ake taka shi, yanzu ba ya rabuwa da baƙi masu neman afuwa. Mijinta ya ce mini tunda ya auro ta bai taɓa shan shayi mai zaƙi irin na bana ba.

Ni ma ban tsira ba. Ta turo wani saƙo cewa duk wanda ya amsa kiran wata lamba jini zai fito masa ta kunne ya mutu, a gaggauta sanar da 'yan'uwa. Malantar ta motsa mini. Na yi sallama da ladabi, na ce Yafendo wannan zance ba shi da tushe, ya daɗe yana yawo, kada a tsorata mutane. Ban kai ga ajiye wayar ba na ga an cire ni.

Gaskiya kwanakin farko daɗi na ji. Wayata ta yi sanyi, cajina na kai yamma, na gama duba littattafan yara a kan lokaci. Na so in ɗan ja abin. Amma na shiga gaida Inna na same ta da tabarau tana bin layi da yatsa, ba ta ɗago ba ta ce ta ji abin da na yi wa uwata a gaban jama'a. Na ce Inna ai ƙarya ce aka turo mata. Ta ce ta sani, ita ma ba ta yarda ba, amma wa ya aike ni.

Ranar Asabar na sayi sukari na hau mota. Yafendo ta karɓe ni hannu biyu, ta yanka mini zabuwa, ta cika mini gora da kindirmo, ta rako ni har bakin hanya tana sa mini albarka. Da na hau kabu-kabu na tambaye ta maganar guruf, ta ce tana dubawa.